Ruwan Lagireto Yana Raguwa, Ban Ga Ɗigo Ba

Tambaya: Ina da tsohuwar Ford irin wadda Amurkawa ke gyarawa don gudu, mai injin V8 da ake kira flathead. Kullum sai na ƙara ruwa, amma ƙasa a bushe. Ina ruwan ke zuwa?

Amsa: Malam, fara da abu mai sauƙi. Tsofaffin lagireto ba su da tankin ajiye rarar ruwa. In ka cika shi fal, da ya ɗauki zafi zai tofar da rarar a hanya. Bar ɗan fili a sama, ka duba murfin ko robarsa ta mutu. Sai tiyo da famfunan ruwa, domin injin nan famfo biyu gare shi, kuma ɗigon da ya faɗa kan ƙarfe mai zafi ƙafewa yake kafin ya kai ƙasa.

In duk lafiya, to abin na ciki ne, kuma nan na fi jin tsoro. Injin nan da Ford ta ƙera daga 1932 zuwa 1953 hayaƙinsa yana ratsa cikin gangar jikinsa, don haka yakan yi zafi har ya tsage kusa da mazaunin bawul. Zaro sandar gwada baƙin mai: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Farin hayaƙi a salansa da kumfa a lagireto su ma alama ce ta gasket ko tsaga.

Kada ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Kai ta wurin makanike ya yi gwajin matsi kafin ka sake hawa titi.