Ku San Ciyawar Bayan Gidanku

Da zarar damina ta zauna a Birnin Tudu, bayan gida da bakin gona sai su yi kore shar. Mu da ke noman rani da ruwan madatsar Bakolori kuwa, ko da rani ciyawa ba ta ba mu hutu. Wata ta miya ce, wata ta dabbobi, wata guba ce tsagwaronta, kuma kallon ganye daga tsaye ba ya raba su.

1. Ku raba tafasa da rai-ɗore kafin a yi kwaɗo.
'Yan gida ɗaya ne, furensu duk ruwan ɗorawa. Ganyen tafasa shida ne a reshe, biyu-biyu, bakinsu a dunƙule. Na rai-ɗore sun fi yawa, ga tsini, in kun murza kuma wari zai bugi hanci. Kwanson tafasa siriri ne mai lanƙwasa kamar lauje, na rai-ɗore faffaɗa, kuma 'ya'yansa na lahanta hantar yara da dabbobi.

2. Gasaya, a dubi furenta.
Ta ci fari ne furenta, ganyenta yatsu biyar. In kun ga mai kama da ita da fure rawaya, tana danƙo a hannu, ku bar ta nan.

3. Ku tumɓuke zakami tun yana ƙarami.
Fure dogo mai buɗaɗɗen baki, ɗa zagayayye mai ƙaya, ya fi son juji da kango. Ba banza aka ce masa haukata-yaro ba. A ƙone shi, kada a jefa inda awaki ke kiwo.

4. Ƙuduji, kada a jira ya yi fure.
Kyan furen nan ja-ja yaudara ce, saiwar dawa da gero yake tsotsa tun yana ƙarƙashin ƙasa. Tushe ɗaya na zubar da iri dubbai, irin kuma na iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10. Ku cire, ku fitar daga gona, ku yawaita takin gida, don gajiyayyiyar ƙasa ya fi addaba.

5. Aya-aya ba ta jin fartanya.
Ku murza karanta tsakanin yatsu, za ku ji kusurwa uku. Na harkiya da tuji ba haka yake ba. Sara ta sama ɓata ƙarfi ne, 'ya'yanta na ƙasa za su sake tsiro. Sai a kafce da rani a bar rana ta gasa su.

6. A tsare dabbobi daga gyauron dawa.
Sabon tohon da ke fitowa bayan girbi na kashe akuya, har saniya, cikin ɗan lokaci. Gara a yanko musu harkiya ko kyasuwa.

Wadda duk ta shige muku duhu, ku ciro ta da saiwa da fure ku nuna wa tsohuwar gida ko malamin gona kafin ta shiga tukunya.