Kafin Ka Ɗaura Kariya Ka Nufi Gazara

Makon jiya wani abokin aikina ya tare ni bayan sallar La'asar, ya ce zai kai iyalinsa biki Gazara, but ɗin motarsa kuma ba zai ɗauki akwatuna da kayan gara ba, saboda haka yana so in raka shi wurin mai walda a haɗa masa kariya ta ɗaukar kaya a saman mota. Na ce masa, "Malam, zauna tukuna, ka ji abin da ya same ni a wannan hanya." Abin da na gaya masa a ranar shi nake so in gaya wa duk mai shirin shiga ƙasar Makarfi, Kudan ko Ikara da ƙaramar mota, musamman daga kaka zuwa rani.

Wanda bai san yankin ba zai ɗauka matsalar kaya a tafiya take. A dawowa take. Gazara tana cikin ƙaramar hukumar Makarfi, ƙasar rake da mazarƙwaila da masara. Kudan da Hunkuyi na da rake da kayan lambu, Ikara kuma tumatir da barkono ne suka yi mata suna. Mutanen wannan ƙasa ba sa barin baƙo ya koma hannu rabbana. Za ka je da jaka biyu, ka dawo da rabin rumbu. Idan suka ga kariya a saman motarka, kai da kanka ka gaya musu akwai wuri.

Abin da ya same ni

Bara da kaka na je gaida kawuna a wani ƙauye gaba da Gazara. Kwana biyu kafin tafiya na sa wani mai walda ya haɗa mini kariya da ƙarfen angil mai kauri. Da ya gama ya hau kanta a ƙasa ya yi tsalle, ya ce, "Alhaji, wannan ko buhu biyar ka ɗora ba za ta lanƙwashe ba." Motata ba ta da sandunan nan biyu da wasu motoci ke zuwa da su a sama, sai ya huda rufin wuri huɗu, ya zura noti, ya sa 'yan ƙananan washa, ya ɗaure. Na girgiza da hannu na ji daram, na biya na tafi.

Ranar dawowa kawu ya sa yara suka fito da buhun masara. Gwaggo ta ƙara damin rake biyu, da kwalin mazarƙwaila, da kabewa uku. Na fara cewa ya yi yawa, kawu ya ce, "Haba ɗana, ga wuri nan a sama, me za ka kai wa yaran birni?" Na ji nauyin musa masa. Aka ɗora, aka ɗaure da robar tub, muka yi sallama.

Ba mu yi nisa ba a kan burji muka iso wani wuri da ruwan damina ya zaizaye gefen kwalbati. Ban gan shi da wuri ba, na taka birki da ƙarfi, tayoyin gaba suka faɗa ramin. Sai na ji wata ƙara a saman kaina kamar an yage kwano. Notocin baya biyu sun fizge daga jikin rufin, kariyar ta tashi ta baya ta kifo gaba, rake ya zubo kan gilashi ya tsaga shi daga sama har ƙasa, buhun masara ya tsaya a rataye a gefen ƙofar da matata take. Yara uku na kujerar baya suna kuka. Da na fito na leƙa sama, ramin da noti ya bari ya yi baki kamar gwangwanin madara da aka fasa da wuƙa. Ita kuwa kariyar ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Allah Ya tsare, babu wanda ya ji rauni. Wasu manoma da ke yankan dawa a kusa suka zo suka taya mu saukewa, wani mai babur ya mayar da masarar gidan kawu. Amma da a kan titin Zariya zuwa Kano abin ya faru, ana gudu, tirela na biye da mu, da labarin ya sha bamban. Kuɗin gilashi da na fanalbita da fenti sun ninka kuɗin kariyar da na masarar gaba ɗaya.

Mai waldar bai yi mini ƙarya ba, kariyarsa na da ƙarfi. Tambayar da ba mu yi ba, ni da shi, ita ce: rufin da za ta zauna a kai, nawa zai iya ɗauka?

Lambar da ya kamata ka sani

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya yarda a ɗora a samanta, kuma yana rubuce a littafin da ke zuwa da ita. A yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, da yawa kuma kilo 75. Idan motarka 'yar Kwatano ce ta zo ba littafi, sa sunanta da shekararta a intanet, za ka samu. Tawa kilo 75 ce, bayan ɓarna na sani.

Abin da mutane ke mantawa shi ne nauyin kariyar kanta yana cikin wannan lissafi. Tawa sai mutum biyu suka ɗaga ta, ta kusa cinye rabin abin da aka yarje mini tun kafin a ɗora ko kabewa. Cikakken buhun masara kuwa kilo 100 ne ko kusa da haka, wato shi kaɗai ya wuce iyakar rufin yawancin motocinmu. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Ɗanyen rake ruwa ne cike da shi, dami ɗaya ya fi yadda ido ke gani nauyi.

Kada ka ce ai na ga mutum ya hau saman mota bai lotsa ba. Nauyi a tsaye daban, nauyi a tafiya daban. Duk lokacin da mota ta faɗa rami, kayan sama suna tashi su dawo su daki rufin da ƙarfin da ya ninka nauyinsu. Idan ka taka birki, mota ta tsaya, kaya suna so su ci gaba da tafiya. A hanyar burji mai gargada wannan duka ba ya tsayawa, shi ya sa nake ba da shawara a hanyoyin ƙauye ka rage kashi ɗaya cikin uku na lambar da ke littafi.

Wace iri ce ta dace da motarka

Fatar rufin mota ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba. Ƙarfin rufi yana gefe-gefe, inda ya haɗu da ginshiƙan ƙofofi. Kariya mai kyau a nan take sauke nauyinta.

Tsofaffin motoci irin Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, da bas-bas irin Hiace, suna da magudanar ruwa ta ƙarfe a gefen rufi. Ƙafafun kariya suna zama a cikinta a matse su da maƙali, ba sai an huda komai ba. Daga kan waɗannan motoci masu waldarmu suka koyi aikin. Yawancin motocin yanzu ba su da wannan magudana, amma hannun wasu masu walda bai canza ba, sai su koma huda rufi.

Idan motarka na da sanduna biyu a tsawon rufi, kamar yawancin Sharan da Sienna da Golf wagon, sanduna biyu na gicciye kawai kake bukata, masu maƙalin da ke rungumar na tsawon. Idan ba ta da su, duba ƙarƙashin baƙar robar da ke gefen rufi ko cikin bakin ƙofa, sau da yawa kamfani ya bar wuraren ɗaura noti a ɓoye. Idan babu wannan ma, akwai mai ƙafafun da ke kama saman bakin ƙofa, amma dole ta zama wadda aka yi wa irin motarka.

A Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da wajen masu kayan mota a Sabon Garin Zariya, akan samu na alminiyam 'yan Beljiyam. Sun fi na walda tsada, amma ba su da nauyi, kuma araha ba ta ado. Je da motar a gwada a gabanka, ka duba robar ƙafafu ba ta tsage ba, maƙalai sun cika. Idan aljihu bai kai ba sai ta walda, ka ce a yi ta da siririn bututu, a auna ta a sikeli, a ɗaura ta a wuraren da na ambata. Duk wanda ya ɗauko na'urar huda ya nufi tsakiyar rufinka, riƙe hannunsa. Ko bai yage ba, damina ɗaya ta isa ruwa ya shiga, tsatsa ta ci wurin.

Ɗaurawa da lodi

Wanke rufin kafin a ɗaura, domin yashi a ƙarƙashin roba yana cin fenti. A bar tazara mai kyau tsakanin sandar gaba da ta baya, a ɗaure noti kaɗan-kaɗan gefe da gefe har su daidaita. Ajiye sifanar a cikin mota.

Masu nauyi su shiga but, masu sauƙi su hau sama. Katifa, tabarma, buhun busasshen barkono, robobi da jakar tufafi su ne kayan kariya. Hatsi, rake, jarka da janareta ƙasa suke zama. Shimfiɗa kayan a kwance tsakanin sandunan biyu, kada su yi tsiri, kada su leƙo kan gilashin gaba.

Robar tub ita ce igiyar kowa a tasha, amma tana miƙewa, kuma abin da ke miƙewa ba ya hana kaya zamewa idan an taka birki. Sayi bel mai ƙugiya da abin matsewa guda uku: biyu a gicciye, ɗaya daga gaba zuwa baya. Idan ka rufe da tamfol, cusa bakinsa na gaba a ƙarƙashin kaya don kada iska ta shige shi. Bayan tafiyar minti goma ka tsaya ka sake matsewa, haka kuma duk inda kwalta ta ƙare burji ya fara.

Duba iskar taya. Lambar cikakken lodi tana manne a bakin ƙofar direba a yawancin motoci.

A kan hanya

Mota mai kaya a ka kamar mai tallan da ta ɗora tulu ce, ba ta juyawa da gaggawa. Tana rinjaya a kwana, birkinta na ƙara tsawo, iskar tirela na tura ta gefe. Daga Zariya zuwa Tashar Yari titi ne mai jan ƙafa a kan totur, ga iskar hunturu da hazo. Ƙarfin iskar da ke dukan kayanka yana ninkawa huɗu idan gudunka ya ninka biyu, mai ma yana ƙara ƙonewa. Kada ka wuce kilomita 80 a awa. Idan ka sauka burji, giya ta biyu, ido a kan kwalbati.

Ranar Laraba kasuwar Makarfi ke ci. Hanya takan cika da a-kori-kura da babura masu ɗauke da rake a gicciye. Ka fita da sassafe ko ka zaɓi wata rana.

Za ka ga direbobin haya sun ɗora wa Golf abin da ya kai tsayinta biyu, but a buɗe, mutum huɗu a gaba. Kada ka yi koyi da su. Na san tsadar mai da kuɗin da suke biya a tasha ne suka matse su, amma mun sha wuce irin waɗannan motoci a kife a gefen titi, tumatir a warwatse, mutane a kwance.

Jami'ai

Lodi fiye da kima laifi ne a dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kuma akwai tara a kansa. A jihar Kaduna akwai kuma jami'an KASTLEA masu kula da dokokin hanya. Ra'ayina shi ne, da za a riƙa tsayawa a tashoshi da bakin kasuwanni ana hana lodin tun kafin mota ta tashi, da ya fi tare ta a tsakiyar hanya bayan ta riga ta yi rabin tafiya. Kai dai takardunka su cika, kayanka su kasance a ɗaure tsaf.

Tsarabar dangi

Nan ne na faɗi, nan kuma mafi yawanmu za su faɗi. Ba a mayar da hannun kyauta baya, kuma ba na cewa ka ƙi. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, sannan ka ce, "Kawu, motar ba za ta iya ba, a kai mini tasha in biya kuɗin mota." Kuɗin aiko da buhu ɗaya zuwa Zariya ko Kaduna bai kama ƙafar kuɗin gilashi ba. Ko a raba buhun biyu, rabi a but, rabi sai wani zuwan. Rake a sare shi gunduwa-gunduwa a sa a ƙasan kujera. Da na koma na ba kawu labari, cewa ya yi da ya san haka ne da bai bari an ɗora ba. Dattawanmu ba sa son abin da zai cutar da mu, mu ne muke jin kunyar yi musu bayani.

Idan ka dawo gida ka sauke kariyar, domin ko babu kaya tana shan mai.

Abokin nawa ya duba littafin motarsa, ya sayi sanduna biyu na alminiyam, ya ɗora katifa da akwatunan tufafi a sama, ya aika da kayan gara a motar haya. Kai ma mai shirin zuwa Gazara, don Allah ka nemi lambar rufin motarka kafin ka je wurin mai walda, ka cire nauyin kariya a ciki, abin da ya rage shi kaɗai za ka ɗora. Iyalinka ne zaune a ƙarƙashin wannan kaya. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.