Ladubban Rubutu da Harshen Assembali

Ya kai mai rubuta wa kwamfuta umarni da harshen assembali, ka sani na'ura ba ruwanta da kyawun rubutu, abin tausayi shi ne wanda zai gaji aikin, wataƙila ma kai kanka bayan wata shida. Saboda haka ka jera kowane layi sahu huɗu, laƙabi, umarni, abin da umarnin ke aiki a kansa, sannan sharhi a gefe kamar hashiyar malamai, sharhin kuwa ya bayyana dalili maimakon maimaita matani. A farkon kowane sashe ka ambaci rajistocin da zai ɓata. Tun da kuma tsarin Intel yana gabatar da ma'ajiya, na AT&T yana gabatar da tushe, ka riƙi mazhaba ɗaya, kada ka gauraya.