Kafin Ka Sayi Filin Awon Igiya a Bayan Gari

Tsadar haya ta kori mutane da yawa daga cikin birnin Kano, ƙuncin gidan gado ya kori wasu. Shi ya sa gonakin gero da dawa na Ungogo da Kumbotso, da na bakin hanyar Gwarzo wajejen Danbare da Rimin Gata, da na Mariri ta gabas, yau suka zama unguwanni. Da yawa daga cikinsu awon igiya ne: mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka fuloti-fuloti, a sayar. Ba na ganin laifin magidancin da ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa daidai ƙarfin aljihunsa. Abin da nake so ya gane shi ne daga ina arahar ta fito.

Mai yanka gona so yake fulotan su yi yawa, don haka duk takun da ya bar wa hanya, a wurinsa asara ce. Sai ka ga layi ɗan siriri, babu wurin kwata, babu filin makaranta, babu na asibiti, balle maƙabarta. A shimfiɗar da hukumar tsara birane ta KNUPDA ta amince da ita, waɗannan ake fara warewa kafin gidaje. A awon igiya kuwa da su aka rage maka farashi, kuma kai za ka biya su daga baya, da kuɗinka ko da lafiyar 'ya'yanka.

Shawarata ta farko, kada ka sayi fili da rani. A watan Maris kowane fili kyakkyawa ne. Ka je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka sauka daga mota ka taka da ƙafarka. Dubi inda ruwa ya kwanta da inda ya bi. Dubi katangun maƙwabta: in ka ga zanen danshi ya hau har gwiwa, ko gansakuka a gindin bulo, ka san abin da ke jiranka. Ka tambayi dattawan ƙauyen, ba dillali ba, me wurin yake a da. Fadama ce? Kududdufi ne aka cike da shara? Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko an yi bene a kai.

Sai batun takarda, wanda a nan ne aka fi zubar da hawaye. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, shi ne mai ba da shaidar mallaka a yankin birni. Takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu tana da amfani, domin tana nuna an yi ciniki a gaban shaidu, amma ba ta hana gwamnati karɓar wurin in an riga an ware shi don hanya, ko layin dogo, ko babbar wayar wuta. Kuma in aka karɓa, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ba ta kuɗin da ka ba mai gona ba. Saboda haka ka ɗauki safiyo ya auna maka wurin, ka kai hukumar bayanan filaye ta KANGIS da KNUPDA a duba ko akwai wani shiri a kansa. In gonar gado ce, kada ka yarda da babban wa shi kaɗai. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ko duk magada su sa hannu, mata da maza. In ciniki ya faɗa, ka zuba harsashi ko ka ja katanga ko da jeri uku ne, domin filin da aka bari haka nan shi ake sayar wa mutum biyu.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ba a cika zancensa ba, shi ne rijiya da shadda. Ruwan famfo na Tamburawa da Challawa bai isa yawancin waɗannan unguwanni ba, don haka kowa rijiyarsa yake haƙawa, kowa da ramin masansa. Masana lafiya suna son a sami tazarar mita 30 tsakanin su biyun. Fili mai ƙafa 50 a 50 kuwa, kowane ɓangarensa bai wuce mita 15 da 'yan kai ba. Ko ka yi iya ƙoƙarinka a cikin gidanka, shaddar maƙwabcinka tana iya zama a bayan katangar da rijiyarka take. Da damina ruwan ƙasa ya taso, su haɗu, sai taifot da amai da gudawa su shiga layi gida-gida. Maganinsa a zauna da maƙwabta tun kafin a haƙa: shadda ta kowa ta koma ɓangare guda, rijiyoyi su koma ɗaya ɓangaren. A ɗaure bakin rijiya da siminti, a ɗaga shi sama da ƙasa, a yi mata murfi, a ware mata guga guda da ba a ajiyewa a ƙasa. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa kulorin. Mafi alheri ma, gidaje goma ko ashirin su haɗa kuɗi a yi burtsatse guda mai zurfi a wuri mai tsabta, ya fi rijiyoyi ashirin a kusa da ramuka ashirin.

Ka kuma yi lissafin zirga-zirga. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin a-daidaita-sahu daga bayan gari zuwa kasuwar Kwari ko Sabon Gari, da na kai yara makaranta, yana iya cinye abin da ka tsira da shi na haya. Ka rubuta na wata guda a takarda kafin ka yanke shawara.

In kuwa ka riga ka tare, lokaci bai ƙure ba matuƙar akwai sauran kangwaye. Ku kafa ƙungiyar unguwa, ku yi mata rajista, ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Aikinta na farko tsaron faɗin hanya: kada a bar kowa ya fito da dakali ko sokawe ko shago cikin layi, ko da limami ne, domin layin da tifa ba ta shiga, motar kashe gobara ma ba za ta shiga ba. Kwata kuma daga inda ruwa zai fita ake faro ta, a taho sama. In kowa ya gina ta ƙofar gidansa yadda ya ga dama, na gangare ne zai kwana yana kwarfe ɗaki. Sannan ku yi karo-karo ku sayi fuloti biyu ko uku da sunan al'umma tun farashi bai tashi ba, ku yi musu takarda. Ran da kuka je wurin kansila ko shugaban ƙaramar hukuma neman aji ko ɗakin shan magani ko taransifoma, tambayar farko da za a yi muku ita ce ina filin.