Ina ƙarfin ƙafar shirwa yake?

A Madarunfa, duk mai kiwon kaji ya san shirwa. Tana jewa bisa gari da bakin tabki. In ta hango ɗan tsako a fili, sai ta faɗo, ta sure shi, ta yi sama. Nauyinta bai kai kilo 1 ba. Ƙafarta kuma siririya ce, ba nama. To, ina ƙarfinta yake?

Ƙarfin yana ɓoye cikin gashi, a kwatangwalo da cinya.

Cinyar tsuntsu gajera ce, tana manne da jiki. Gwiwarsa ma tana cikin gashi. Gaɓar da ake gani ta lanƙwashe baya, idon sau ce. Ƙashin kwatangwalo kuwa ya haɗe da ƙashin baya, sun zama abu guda mai ƙwari. A jikinsa tsokokin cinya suke kafe.

Tsoka ja take yi, ba ta turi. Don haka tsokoki suke aiki biyu-biyu. Na gaba suna jawo cinya gaba, lokacin da shirwa ta miƙa ƙafafu za ta kama. Na baya suna maido ta, lokacin da ta ɗauke abin da ta kama. Akwai kuma wata ƴar siririyar tsoka da ta taso daga kwatangwalo. Jijiyarta ta ratsa ta kan gwiwa, ta haɗu da tsokokin da ke dunƙule yatsu. Shirwa da shaho suna da ita, mujiya ba ta da ita.

Yatsun ba su da nama. Dogayen jijiyoyi ne suke saukowa daga tsokokin sama, kamar igiyar guga, su ja akaifu. Jijiyar yatsa tana da ƙananan haƙora masu sarƙewa. Shi ya sa in shaho ya damƙe kurciya, ba ta kuɓucewa, shi kuma ba ya gajiya da riƙo.

A 1873 da 1874, wani masani na Ingila, Alfred Garrod, ya feɗe tsuntsaye iri-iri, ya gwada tsokoki 4 na bayan cinya. Ya tarar kaza tana da duka 4, shaho kuwa 1 kawai gare shi. Kaza wuni take tana yawo tana tono, tana bukatar masu jan ƙafa baya. Shaho ba ya yawo a ƙasa. Ƙafarsa ta kamu ce.

Ungulu dangin shirwa ce, amma akaifunta ba kaifi, riƙonta ba ƙarfi. Ba ta ɗaukar ɗan tsako. Mushe da sharar mahauta take ci, tana tsabtace gari. Tun 2015 an sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Bai kamata a harbe ta ba.

Shirwa sai ta sami fili take iya miƙa ƙafafu ta kama. Mai son ƴan tsakinsa su girma, sai ya yi musu akurki ko ƴar rumfar kara.

Tambayoyi
1. Ina gwiwar tsuntsu take?
2. Don me tsokoki suke aiki biyu-biyu?
3. Me ya bambanta ƙafar ungulu da ta shaho?

Aiki
Ran da aka yanka kaza a gida, ku roƙi ƙafarta. Ku nemi farar jijiya a wurin yankan, ku ja ta. Me yatsun suka yi? Ku zana abin da kuka gani, ku kawo aji.