Yadda Ake Noman Naman Kaza da Karan Dawa

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Minjibir gona ta tsuke, gado ya rarraba ta, kowane taku yana da mai shi. Shi ya sa nake son mutanenmu su san naman kaza, don noman da ba ya neman fili ne. Ba shi da saiwa ko ganye, ba ya cin taki. Jikinsa fararen zaruruwa ne da ke cin mataccen kara, abin da muke tsinka kuwa 'ya'yansa ne. Nau'in Pleurotus ya fi sauƙi ga mai farawa.

Fara da iri. Ana rainonsa a kan ƙwayar hatsi cikin kwalba, kuma cibiyoyin bincike irin su FIIRO a Legas da NIHORT a Ibadan sun daɗe suna aiki a kansa. Nemi sabo, fari fat. Kada ka ɗebo na daji ka ce za ka shuka.

Sai kara. Na san yana da masu nema, ga dabbobi, ga danga, ga murhu, to ɗauki kaɗan ka haɗa da totuwar masara. Daddatsa shi kamar tsawon yatsa, ka jiƙa ya kwana. Da safe a zuba a buhu, a nitsa shi cikin duro na ruwa mai zafi sosai, wanda bai kai tafasa ba, na awa 1 zuwa 2. A nan yawancin mutane ke yin asara. Zafin ne ke kashe funfunar da za ta riga irinka cin karan, kuma duk wanda ya yi gaggawa zai tarar da karansa ya yi kore. Tsame karan ya tsane a kan tsabtatacciyar leda har ya huce sarai. Damƙi kaɗan ka matse: ɗigo ɗaya ko biyu ake so.

Wanke hannu da sabulu. Cusa karan a farar leda, kana barbaɗa iri tsakanin hawa da hawa, kimanin kashi 1 na iri ga kashi 20 na jiƙaƙƙen kara. Ɗaure baki, ka huda 'yan ramuka da allura.

Jera ledojin a ɗakin ƙasa mai duhu, bisa katako, saboda gara. Cikin mako 2 zuwa 3 za su yi fari. Wadda ta yi kore ko baƙi, fitar da ita nesa.

Yanzu tsaga ledar da ta yi fari wuri uku ko huɗu, ka bar haske kaɗan da iska su shiga. Rataya jiƙaƙƙun buhuna, ka riƙa yayyafa ruwa safe, rana da yamma. Damina ce lokacinsa. A hunturu sai an ninka yayyafi, zafin Afrilu kuwa kashe shi yake.

Idan ya tsiro, kwana 4 ko 5 ya isa tsinka. Murɗe curin gaba ɗaya kafin gefensa ya miƙe. Leda ɗaya tana bayarwa sau 2 ko 3, ragowar kuma a kai gona.

A soya shi da albasa da attaruhu, ko a sa a miyar taushe. Ba ya jure ajiya, don haka a shanya rarar, mai niyyar sayarwa kuma ya sami mai saye tun kafin tsinka.

Laimar kwaɗin da ke fitowa a juji da damina daban ce. Wasu suna lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe dafinsu. Ku hana yara taɓa ta.