Ƙurajen Danƙon Mangwaro da Yazawa: Yadda Ake Gane Su da Abin Yi

Jama'ar Gaya da Ajingi, ga wata magana da ya kamata kowane magidanci ya sani kafin bazara. Daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da mangwaro ke nuna, daga Kademi har Toranke, ana yawan ganin yara da ƙuraje a gefen baki da hannu. Wasu iyaye su ce ƙarambau ne, wasu su ce sammu. Galibi kuwa danƙon mangwaro ne.

Mafarin abin

In an tsinko ɗanyen mangwaro, wani farin ruwa mai danƙo yakan tsatso daga gindinsa. A cikinsa da ɓawon akwai wani mai da jikin wasu mutane ba ya so. Ƙwallon yazawa ya fi danƙon mangwaro ƙarfi, don man da ke cikin ɓawonsa ƙuna yake yi sosai. Itatuwan nan biyu dangi ɗaya ne da wata ciyawar Amurka mai dafi, wadda ke addabar manoma da mafarauta a can.

Yadda ake ganewa

Ƙurajen ba sa fitowa nan take. Sai bayan awa 12 zuwa kwana 3 wurin ya yi ja, ya kumbura, ya kama ƙaiƙayi, wani lokaci ya ɗuri ruwa. Iyakarsu inda danƙon ya taɓa: leɓe, haɓa, tsakanin yatsu, ko layin da ruwan ya gangara a hannu. Ba zazzaɓi. Ƙarambau kuwa da zazzaɓi yake zuwa, ya watsu a ciki da baya. Ruwan ƙurajen danƙo ba ya harbin kowa, saboda haka kada a ware yaro.

Abin yi

1. Da zarar danƙo ya taɓa jiki, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, har ƙarƙashin farce.
2. A wanke rigar da wuƙar da danƙon ya taɓa, don man yakan daɗe a jikinsu.
3. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa a ɗora, a shafa kalamin.
4. A yanke wa yaro farce. Susa ce ke mai da ƙurji gyambo.
5. Kada a fasa ƙurajen, kada a shafa toka, baƙin mai ko man bilicin.

Yawanci sukan warke cikin mako 1 zuwa 3.

Sa'ad da za a tafi asibiti

In ido ko fuska ta kumbura, ko wurin ya fara ɗiwa, ko zazzaɓi ya shigo, a nufi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko Babban Asibitin Gaya. In numfashi ya sarƙe, musamman bayan shaƙar hayaƙin gasa ƙwallon yazawa, kada a jira gari ya waye.

Rigakafi ya fi magani. A wanke mangwaro, babba ya fere wa yaro, a ba shi tsokar. Wanda ya taɓa yin ƙurajen sau ɗaya ya kiyaye, domin jikinsa ya riga ya san man, karo na biyu ya fi saurin tashi. Allah ya ba mu lafiya, amin.